Haƙora Talatin da Huɗu a Bayan Takarda

Television, Kaduna
16 ga Mayu

Shekari,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kai da Christy da yara kuna lafiya, kuma ciwon bayan da ya hana ka zuwa addu'ar cikar yayanka shekara uku da rasuwa ya sake ka. Mako guda bayan addu'ar na ga hotonka kana tiƙar rawa a wani biki a Ikeja, na gode wa Allah da saurin warkarwarsa. Mu nan lafiya. Ruwa ya sauka, layinmu ya koma rafi kamar kowace shekara, hawan jinina kuma yana nan inda likita ya bar shi.

Na rubuto da hannu na ba Monday direba, don in na kira ka a waya ba na kaiwa jimla ta biyu sai ka ce kana mitin. Takarda ba a katse ta.

Ka san ba na roƙonka komai. Tun ranar da kuka raba kayan Sam, kwana bakwai da binne shi, ka ɗaga kekensa ka cusa a bayan motarka ka ce al'ada ce ƙane ya gaji abin hawan wansa, na yi wa kaina alkawari. Yau zan karya shi saboda Hope.

Ranar Asabar 24 ga Yuni za a yi gwajin zaɓen 'yan tseren keke mata na jiha, a hanyar tuddan nan ta wajen Kagoro. Mutum huɗu za a ɗauka. Bai kamata in tuna maka abin da kuka yanke a taron iyali a Zonkwa da Kirsimeti ba, amma zan tuna maka tunda muryarka ce ta fi ta kowa tashi: in ba a ɗauke ta bana ba, ta jingine keke ta zo Legas ta zauna a shagon Christy tana auna leshi. Na amince ne don Mama tana kuka, kuma ku goma sha ɗaya ne, ni ɗaya. 'Yata ke nan tilo, shekararta ashirin, tana cin kilomita sittin da safe kafin ka gama neman silifas ɗinka, ita za a kai ta riƙe almakashi.

Ga matsalar. Ƙarfen canjin giya na bayan kekenta ya tsage. Tunda keken Sam ado ne kawai a sitonka, bari in yi maka bayani. Shi ne abin nan da ke rataye a gefen ƙafar baya, mai hannu da 'yan ƙananan gare-gare biyu da sarƙa ke bi ta cikinsu. Aikinsa ya ɗauke sarƙa daga wannan faifai ya ɗora ta a kan wancan. Baba Ishaku mai gyaran keke ya ɗaure mata tsohon da waya a giya ɗaya, da haka take atisaye, amma ba a hawan Kagoro da giya ɗaya. Na zaga Kakuri, na zaga Sabon Tasha, na haye gada na shiga babbar kasuwa. Duk na kekunan yara ne da na masu tallan burodi. An ce a Legas akwai shagunan da ke sayar wa masu tsere.

Faifan bayan nata guda tara ne. Ka saya ka ba Monday ranar Juma'a. Kada ka yi dabara, kada ka nemi shawarar abokanka na kulob. Abin da na rubuta shi za ka bi.

Matar yayanka,
Judith

A bayan takardar:

Wannan za ka nuna wa mai shago. Ba sai ka gane ba.
Faifan baya: ƙaraminsu haƙora 11, babbansu 34. Mun sa babban ne saboda tudu. Bambanci 23.
Faifan gaba: 50 da 34. Bambanci 16.
Jimla 39.
Dole ƙarfen ya iya hawa faifai mai haƙora 34, ya kuma iya kwashe rarar sarƙa ta haƙora 39. Wato mai dogon hannu. Mai gajeren hannu, kome kyansa, kada ka taɓa shi.

Surulere, Legas
19 ga Mayu

Anti Judith, matarmu ta kanmu,

Gaisuwa da yawa. Mu duka lafiya, Christy tana gaishe ki, yara suna gaishe da Anti. Rabona da riƙe biro in rubuta wasiƙa tun ina fom faif, kin sa yatsuna suna ciwo. Maganar rawa kuwa, likita ne ya ce in riƙa motsa bayan. Ki tambayi kowa.

Na ji daɗi da kika tuna kina da ƙane a duniya. Ranar da takardarki ta zo na bar ofis, na shiga cunkoson go-sulo awa biyu, na je wani shago a tsibiri inda manajojin banki da Turawa ke sayen kayan keke. In kin ga wurin sai ki ce asibiti ne. Na ce musu na faifai tara, kamar yadda kika rubuta. Suka fito da guda uku. Na ɗaga kowanne a tafin hannuna na auna. Biyu masu nauyi ne, da dogon hannu yana lilo kamar wutsiyar saniya. Na ukun kuwa, Anti, kamar biskit. Gajere, tsaf, yana walƙiya. Yaron shagon ya ce irinsa zakarun tsere suke sawa. Shi ne mafi tsada a cikinsu, ban ko yi ciniki ba. 'Yar Sam ba za ta shiga fili da kayan gwanjo ba ina raye.

Maganar taro kuma, kada ki ɗauke ta da zafi. Ba wanda ya ƙi Hope. Keke ba sana'a ba ce, ƙafa tana tsufa. In Allah ya sa an ɗauke ta, ni zan fara yin rawa, da bayan nan nawa. In ba a ɗauke ta ba, gida ta zo. Christy har ta sa an yi wa ɗakin baya fenti, ruwan hoda.

Keken Sam yana nan lafiya, ina sa a goge shi.

Ranar Litinin zan wuce Fatakwal aiki, mako biyu ko uku. Ki riƙa ɗaukar waya, don Allah. Ki rage fushi saboda jinin nan.

Ƙanenki, kuma mijinki na gado duk ranar da kika sauko,
Shekari

Television, Kaduna
22 ga Mayu

Shekari,

Ina gaishe ka, don an koya mini gaisuwa. Lafiyarmu ƙalau har ranar Asabar da Monday ya miƙo mini kwalinka.

Na buɗe, na duba abin, na rufe. Na sha ruwa. Na sake buɗewa ko idona ne. Sai na zaro 'yar takardar bayanin da ke cikin kwalin, wadda aka rubuta da harsuna huɗu don kada wani mahaluki a duniya ya ce bai gani ba. Babban faifan da zai iya hawa: haƙora 27. Rarar sarƙar da zai iya kwashewa: 29. Na rubuta maka 34 da 39. Na ja layi a ƙarƙashin dogon hannu. Na ce mai gajeren hannu kada ka taɓa shi. Ka shiga go-sulo awa biyu, ka tarar da daidai guda biyu a gabanka, ka ture su, ka ɗauko na ukun don ya yi kama da biskit.

Ka auna a tafin hannu. Tumatir ka je saye?

Bari in gwada da harshen gidanku. Mace mai jiki ta shigo shagon Christy, ɗinkinta yadi shida ne. Christy ta yanka mata yadi uku, ta ce ai wannan leshin ya fi tsada, matan gwamnoni ke sawa. Matar za ta fita da shi coci? Tsadar za ta rufe mata baya?

Sarƙar keke tsawonta ɗaya ne, ba ta miƙewa, ba ta tsukewa. In tana kan manyan faifai gaba da baya, tana buƙatar dukan tsawonta. In ta sauko kan ƙanana, sai rara ta samu, kuma hannun ƙarfen nan shi ke naɗe rarar don kada ta yi lilo ta zame. Faifai masu nisa tsakaninsu, rara mai yawa, dogon hannu. Wutsiyar saniyar da ka raina ke nan. Naka na masu tsere ne a shimfiɗaɗɗen titi, inda faifan duka kusan girmansu ɗaya. Zakarun da yaron shago ya faɗa maka ba su taɓa ganin Kagoro ba. Ɗan aji biyu a makarantarmu zai gane wannan kafin a kaɗa ƙararrawa.

Shekara ashirin da shida ina koyar da lissafi, na san bambancin ɗalibin da bai iya ba da wanda ya ƙi iyawa. Kwana biyu ina juya ka a raina ban san ajin da zan sa ka ba. Da farko na ce wauta ce, tunda na san ka tun kana zuwa gidanmu hutu kana sa gishiri a shayi don ka ga Sam ya sa wani farin abu. Sai na sake karanta wasiƙarka na iso wurin fenti. Ruwan hoda. Saura wata guda gwaji, ɗaki har ya bushe. Mutumin da ya gama gyara wa yarinya ɗaki, ya kuma aiko mata abin da ba zai hau tudu ba, me kake so in kira shi? Ka zaɓa da kanka, ko wawa ko mugu. Ni na fi so ka zama wawa, don da shi na saba.

Kada ka sake sayen komai. Zan nema da kaina, ko da zan je Jos a tsaye cikin mota. Abinka kuwa ba zan mayar maka ba. Na ɗora shi a kan kantar littattafai a falo, a buɗe cikin kwalinsa, wasiƙarka a ƙarƙashi, sai taron Kirsimeti in ajiye su a gaban mutum goma sha ɗayan nan. Jiya matan zumunta na cocinmu sun zo bayan sujada, na nuna musu ɗaya bayan ɗaya na karanta musu wurin biskit. Maman Vicky sai da ta riƙe ciki.

Hope tana ta zagaya shi kamar kyanwa da kifi. Ta ce ba ta taɓa riƙe abu mai kyansa ba. Na ce mata ta kalla da ido, hannu a baya.

Na ga kiranka. Ban ɗauka ba, kuma ba zan ɗauka ba. Maganar gado kuwa, ka gaji keke ka kasa hawa, ka tsaya a nan.

Judith

Television, Kaduna
5 ga Yuni

Shekari,

Mako biyu ba amsa. Na ɗauka kana Fatakwal kana auna wani abu a tafin hannu. Ina fata kana lafiya, don ina so ka karanta wannan da idonka biyu.

Hope ta faɗi.

Ba ta karye ba. Na fara da wannan saboda Christy, ba saboda kai ba. Fatar cinyarta ta hagu da gwiwar hannunta sun tafi, wuyan hannun ya kumbura, an ɗauki hoto an ce targaɗe ne. Tana kwance a falo yanzu tana kallon silin.

Ranar Asabar ina makaranta wurin taron iyaye. Na riga na je Jos ranar Laraba na dawo hannu wofi, ta ga fuskata da na shigo. Sai ta ɗauki kyautarka daga kan kanta ta kai wa Baba Ishaku. Tsohon ya juya shi sau ɗaya ya ce ba da hannunsa ba. Ta dawo gida ta ɗaura da kanta. Da ta ga sarƙa tana lilo, don gajeren hannunka ya kasa kwashe rarar, sai ta cire mata gaɓa huɗu. A miƙaƙƙen titi ya yi mata daɗi. Ta isa hawan nan na bayan Mahuta, tana kan babban faifan gaba, ta tura sarƙa zuwa babban na baya. Sarƙar da aka rage ba ta kai ba. Ta fizge ƙarfen daga mazauninsa ta jefa shi cikin wayoyin ƙafar, ƙafa ta tsaya cak, yarinya ta wuce ta kan keken ta faɗi. Wani mai Keke Napep ne ya kwaso ta da keken ya kawo su asibiti. Da tirela ce a bayanta, da wata irin wasiƙa kake karantawa.

Ana wanke mata ciwo na ce, "Me na ce miki?"

Ta ce, "Kin ce in kalla da ido."

"To?"

"Mama, mako biyu ina kallo. Kwana suna tafiya, ni ina giya ɗaya kamar mai tallan kunu, shi kuma yana zaune a falo yana ƙyalli. Na ce ko zai yi."

"Lissafi ba ya ko."

Nas ta ci gaba da goga mata maganin nan mai zafi. Can Hope ta ce, "In ba zai yi ba, me ya sa ba ki mayar masa ba?"

Na ce ta rufe baki ta bar nas ta yi aikinta. Ka ga abin da ka jawo, 'yata tana yi mini tambaya a gaban mutane.

Wayoyi tara sun tsinke, Baba Ishaku yana sake ɗaure ƙafar, ya kuma miƙe mazaunin da ya lanƙwashe. Biskit ɗinka ya rabu uku. Na tsince su na mayar cikin kwali, shaida ta ƙaru. Saura kwana goma sha tara. Ba mu da ƙarfen giya sai tsohon da aka ɗaure da waya. Jiya na ji ta tana tambayar wata ƙawarta a waya ko Surulere akwai wurin da mutum zai ajiye keke.

Ka gaya wa Christy ta sayi labule. Kun kusa ci.

Judith

Surulere, Legas
9 ga Yuni

Anti Judith,

Na gaishe ki. Yaya jikin Hope? Na yi magana da ita jiya, ta ce kumburin ya sauka, amma ita kome ta ce sai na ji daga bakinki.

Jiya na dawo. Wasiƙunki biyu suna kan firiji a rufe, Christy ta ce ita ba ta buɗe takardar Anti Judith, tana son ranta. Na karanta ta farkon ina ta mamaki, wane 34, wane 39. Na ce ban taɓa ganin lambobin nan ba. Christy ta je mota ta lalubo wasiƙarki ta watan Mayu a aljihun ƙofa, ta duba, ta juya ta, ta miƙo mini.

Ban juya ba, Anti. Na kai ƙasan shafi na ga kin sa hannu, na ninke. Kin ce in zaɓa, na zaɓi wawa. Ciwon da ke jikin yarinyar nan da hannuna a ciki, ba zan yi musu ba.

Amma ina roƙonki abu ɗaya. Ki je kantar littattafanki, ki ɗaga kwalin, ki ɗauki wasiƙata da kika karanta wa matan zumunta. Ki juya ta.

Ina tasha ina jiran Monday ranar nan sai hankalina ya ƙi kwanciya, don mai shagon ya tambaye ni haƙora nawa ne babban faifan, na ce ba a rubuta ba, ya kaɗa kai. Na buɗe ambulan na ƙara a baya, a kan bonet. Na ce in bai dace ba ki ba Monday ranar Talata ya dawo da shi, mai shago ya yarda zai canja cikin mako ɗaya in ba a ɗaura ba, kuma masu dogon hannun suna nan. Sau goma sha ɗaya na kira ki in faɗa miki da baki. Da na gaji na kira Hope, ta ce Baba na gode, ya yi kyau ƙwarai. Na tafi Fatakwal da murna.

Yau da safe na koma shagon. An sayar da biyun. Na dawo gida na shiga sito na yaye zanen da ke kan keken Sam. Ni da Christy muka tsuguna muka ƙirga, ita tana sa alli ina juya ƙafa. Faifai tara. Babban, haƙora talatin da huɗu. Sau uku muka ƙirga, ki yarda da ita in ba ki yarda da ni ba. Hannun ƙarfen kuwa dogo, wutsiyar saniya sosai. Na kai keken shagon suka kwance mini. Yaron ya yi dariyar tsufansa, mai shagon ya ce masa wannan zai binne su duka. Ga shi nan cikin safa biyu. Na haɗa da sabuwar sarƙa, ba a cire mata ko gaɓa ɗaya ba.

Shekara uku ban taɓa hawa keken nan ba, ban ma san yadda ake canja giyarsa ba. Na ɗauka ne don ranar raba kaya kowa yana ɗaukar abin da zai sayar, ni kuma ina son abin da hannunsa ya goge. Da na gaya miki haka a lokacin. Ɗakin ma gaskiya ne ina so ta zo, tafiyarta irin tasa ce. Amma ban aiko mata abin da zai kayar da ita don haka ba.

Maganar taro ba ni kaɗai na yanke ba, ba zan iya warware ta ni kaɗai ba. Ta hau tudun nan kawai.

Babu komai a bayan wannan. Na duba.

Ƙanenki,
Shekari

Television, Kaduna
26 ga Yuni

Shekari,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya. Cinyar ta yi ɓawo, hannun yana ɗaure har yanzu, jinina ya hau ranar Asabar ya sauko ranar Lahadi.

Saƙonka ya iso cikin safar da nake fata wankakkiya ce. Baba Ishaku ya zazzage shi a kan benci, ya daɗe yana kallo, ya nuna mini wani karce a gefe ya ce shi ya yi shi da sukundireba shekara tara da suka wuce, Sam ya yi masa faɗa har da rantsuwa ba zai sake zuwa ba, washegari ya dawo. Ya wanke shi da kananzir, ya ɗaura, ya auna sarƙa a kan manyan faifan biyu kafin ya yanke. Ya juya feda, sarƙa ta hau tara ɗin nan ɗaya bayan ɗaya ba ko tari. Kwana goma sha biyu ta samu ta yi atisaye da shi.

Su goma sha huɗu ne ranar gwaji. Aka tsayar da su a rana ana jawabi, wani mai babbar riga da cikinsa ba zai bar shi ya ga feda ba yana koya musu juriya. Ni na hau acaɓa na tafi can saman hawa na ƙarshe na tsaya da lema. Zagaye uku ne. A na farko Hope ce ta tara, tana riƙe kan keke da hannu ɗaya da rabi. A na biyu ta shida. Kekunan wasunsu, Shekari, da ka gani da ka yi kuka don daɗi, ƙyalli ko'ina, gajerun hannaye kamar biskit. A zagaye na uku na ga masu biskit sun miƙe tsaye a kan feda suna saƙa hanya hagu da dama, biyu sun sauka suna turawa. 'Yar Sam tana zaune a kan sirdinta, sarƙa a kan talatin da huɗu, ƙafafunta suna juyawa kamar tana keken ɗinki. Ta wuce ni ba ta ko kalle ni ba. An ce na jefar da lema na bi ta da gudu ina kiran sunanta. Ban tuna ba, kuma ban yarda da shaidar masu acaɓa ba.

Ta zo ta uku. An ɗauke ta. Za su shiga sansani a watan Agusta.

Saboda haka ka gaya wa Christy ta zuba leshi a ɗakin, ruwan hoda zai dace da su. Ka gaya wa sauran goman. Rawar da ka yi alkawari kuma ina jiran hoto, tunda likita ya ce tana yi maka amfani.

Kada ka ɗauka wannan ya wanke ka. Mutum mai digiri, mai mota biyu, ya karɓi takarda bai juya ta ba. Har yanzu in na tuna tafin hannun nan sai in ajiye abin da nake yi. Ƙirgar haƙoran ma na san Christy ce ta yi, kai juya ƙafa kawai ka iya. Rubutunka kuwa, a kan tebur ma kaza ta fi ka, balle a kan bonet.

Sauran maganganun da ke cikin wasiƙarka ba ni da abin cewa a kansu a wannan shafi.

Babu komai a baya. Kada ka wahalar da kanka.

Matar yayanka,
Judith

A bayan takardar:

To, ka koya.

Na ɗaga kwalin. Layi biyar ne, da tabon man mota a gefe. Kwana ashirin da ɗaya suna kwance a falona fuska a ƙasa, ina ɗora wa baƙi shayi a gabansu. Na kai wurin sa hannunka na tsaya, don ban taɓa zaton kana da maganar da za ta cika shafi har ta zuba ba. Da na juya, da ƙarfen yana cikin motar Monday tun ranar Talata, da fatar 'yata tana jikinta. Na gaya wa Hope. Na gaya wa matan zumunta ma, a tsaye, Maman Vicky ta sake riƙe ciki.

Na zubar da kwalin, ba zai je Zonkwa ba.

Keken Sam ya zauna a wurinka. Amma keke ba ya zama ba ƙarfen giya, zan sa Baba Ishaku ya nemo maka wani. Ni zan zaɓa. Ka kira ni ranar Lahadi bayan sujada, zan ɗauka. In ka ce kana mitin, shekara uku za ka ƙara.

J.